Barcin Dogo a Ƙarƙashin Tawul

Masu bibiyar wannan shafi, sannunku da haƙuri da ni. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto min daga Zuru cewa namiji ɗan shekara arba'in da takwas ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya, ya bar wa 'yan mata. Gaskiyarta. Ni ma da za a ba ni zaɓi, labarin hawan jini zan rubuta, shi na fi sani. Amma tunda na fara tona wa kaina asiri, bari in ƙarasa, kuma saboda sababbin zuwa zan ɗan koma baya.

Sunana Muhammad Sani. A ofis Malam Sani, a gida Gulma kuwa Mamman. Ina aiki a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata a Birnin Kebbi, aikin da ya koya min cewa duk takardar da ka jinkirta ta sosai, wata rana za ta daina damun kowa. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarmu guda tana aure a Sakkwato. Tun daga lokacin barci ya raina ni. Ba ya zuwa sai ya ga dama, in ya zo kuma ba ya zama.

Desmond ne ya ja ni cikin wasan. Shi ke gyaran kwamfutocin ma'aikatarmu. Iyayensa mutanen Filato ne, amma a nan aka haife shi, Kabancinsa, wato Hausarmu ta Kabi, ya fi nawa tsami. Kowace Asabar bayan azahar muna zama a barandar gidansa a Badariya, mu huɗu: shi, da matarsa Judith, da ni, da Hanifa. Babu kwamfuta a wasan, babu waya. Tebur ne na roba, da takardu, da fensir, da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, sai dai wasu fuskarsu goma. Desmond ne mai labari, shi ke faɗin abin da ke faruwa. Kowannenmu yana da mutum guda da yake magana da bakinsa. In mutuminka zai yi abu mai hatsari, ka jefa ƙwaya, ita za ta ce ka yi nasara ko ka sha ƙasa.

Littafin dokokin na Turanci ne, wani birni ne na can ƙasashen waje, amma Desmond ya tattaro birnin ya dawo da shi nan. Birnin Kebbi ce bayan shekara saba'in. Gine-gine sun tokare sama, gulbi yana gudana a cikin bututu a ƙarƙashin kwalta, kamfanoni sun mallaki shinkafa har da irinta, fitilu ja da kore ba sa mutuwa. Wannan na ƙarshen ne ya tabbatar min labarin ƙirƙira ne. Mutanen birnin suna sauya gaɓoɓinsu da na ƙarfe, kuma kowa yana da rami a bayan kunne inda yake soka waya ya shiga wata duniya ta na'ura, wadda ido ke gani kamar gaske alhali jiki yana kwance a waje. Mu a teburinmu Ciki muke ce mata.

Ni da ban kai kafaɗar Desmond ba, na sa wa mutumina suna Dogo. Tsohon soja ne mai hannun ƙarfe, ba ya tsoron kowa, ba ya ciwon gwiwa.

Hanifa malamar lissafi ce a makarantar da Judith ke koyarwa. Shekararta talatin da bakwai, aurenta ya mutu tun da jimawa, tana zaune wurin innarta a nan Badariya, gidansu kuwa yana Argungu. Mutuniyarta a wasa Balbela ce, likitar da ke gyara masu gaɓoɓin ƙarfe. A shekara biyu, Dogo ya faɗa wa Balbela maganganun da in na tuna su a ofis sai in rufe fuska da fayil. Ya ce mata ita ce inuwarsa a birnin da ba bishiya. Ya tare mata harsashi sau uku. Ni kuwa Malam Sani, abin da na taɓa faɗa wa Hanifa mafi nauyi shi ne, "Malama, a gaida Inna."

Kar ku ce ban sani ba. Na sani. Ita ma ta sani. Har karen maƙwabcin Desmond ya sani.

Yayata Adama ce kaɗai ba ta sani ba, shi ya sa ba ta fasa turo min saƙon murya daga Gulma duk safiya. Na wata Juma'a kwanan baya minti huɗu ne: "Mamman, kana ji na? Ɗiyar Malam Ni'imatullahi ta gama idda. Mace ta mai hankali, ta iya tuwo. Kai dai ka zo ka gane ta, ba a ce ka ɗauka ba. Kana nan kana cin taliyar leda kamar ɗan makaranta." Na tura mata hoton hannu biyu a haɗe, kamar kullum.

Sai batun barci a Ciki, wanda shi ne silar komai. Dokar littafin ta ce mutum zai iya yin barci yana Ciki, amma jikinsa rabin hutu kawai yake samu, kuma yana yashe a waje kamar buhu, duk wanda ya zo zai iya yi masa abin da ya ga dama. Don haka sai da mai gadi. Ɗakin Dogo a birnin kamar akwati yake, a ƙarƙashin gadar jirgi, shi ya sa ya gina wa kansa wuri a Ciki: bukka a bakin fadama, shinkafa kore har iyakar gani, iska tana kaɗawa. Fadamar Gulma ce ta ƙuruciyata na kwatanta wa Desmond, ban dai faɗa masa ba. Can Dogo ke zuwa ya kwanta, Balbela ta zauna kusa da jikinsa a waje da bindiga a cinya.

Akwai kuma dokar da ba ta cikin littafi, wadda aka kafa saboda ni. Da farko in Dogo yana barci, bakina ba ya barci. In ce wa Judith ta bi ta hagu, in ce wa Hanifa kar ta buɗe ƙofa. Ranar da Desmond ya gaji, sai ya shiga ɗaki ya fito da tawul shuɗi, ya ce daga yau duk wanda mutuminsa ke barci za a rufa masa wannan a ka, ba magana, ba motsi, sai an tashe shi.

Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne, a ƙarƙashin tawul ɗin nan nake samun barcin da ya fi kowane daɗi a mako. Minti goma, sha biyar. Ba na minshari, wannan baiwa ɗaya Allah Ya ba ni. Da na ji an taɓa kafaɗata sai in miƙe kamar wanda ke saurare tun ɗazu.

Asabar ɗin da ta wuce zafi ya kai inda ya kai. Babu wuta tun safe, fankar baranda tana tsaye tana kallonmu. Judith ta kawo kunun zaƙi mai sanyi da soyayyar gyaɗa. Hanifa ta zo a makare, cikin atamfa ruwan ƙasa mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara, da lalle sabo a yatsu. Ban taɓa ganinta da lalle ranar wasa ba. Na lura, na kuma yi abin da na saba yi da duk abin da na lura da shi, na ajiye shi a gefe.

Bayan na dawo daga sallar la'asar, Desmond ya ce, "Oga Sani, Dogo ya kwana biyu bai runtsa ba. In bai kwanta ba, zan rage maka maki a kowace jifa."

Na ce, "Ai muna tsakiyar aiki. 'Yan kamfani suna bin mu."

Judith ta ce, "Ni zan tsare ƙofa. Ka kwanta, Malam."

"Wa zai yi gadin jikina?"

Hanifa ba ta ɗago daga takardarta ba ta ce, "Wa ya saba?"

Desmond ya rufa min tawul. Ina jin muryarsa yana cewa Dogo ya soka waya, birni ya ɓace, ga bukka, ga fadama, ga iska. Na ji ƙarar ƙwaya a kan tebur, na ji ya ce, "Tara." Ban san ta mece ce ba. Ƙamshin sabulun tawul, da kunu a ciki, da daren jiya da na raba shi da silin. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka da hannun Desmond a kafaɗata. Ya janye tawul. Su uku suna kallona. Judith ta haɗa tagumi, idonta ya yi ja. Hanifa tana juya fensir a tsakanin yatsunta, tana kallon gefen kunnena, ba idona ba.

Desmond ya ce a hankali, "Dogo ya farka. Ka ji duk abin da aka faɗa?"

A nan ne, jama'a. Da na ce a'a, da yau labarin nan gajere ne. Amma namiji ɗan arba'in da takwas, a gaban macen da yake so, ya yarda cewa ya ɓingire da rana tsaka kamar tsohon da aka bari a tabarma? Na gyara hula na ce, "Na ji mana. Tsaf."

"To me ka ce?"

Na ɗauka maganar 'yan kamfani ce, ko wani sabon aiki da aka kawo mana. Sai na jawo amsar da ta ciyar da ni shekara ashirin da biyu a ofis. Na ce, "Ba abin gaggawa ba ne. A bar shi tukuna, mu ga yadda hali zai yi. Yanzu dai mai nake so a ɗiga min a hannun nan, yana ƙara."

Har na yi dariya. Ni kaɗai.

Hanifa ta ajiye fensir a kan takardarta, ta daidaita shi da gefen takardar. Ta ce, "To. Na gode, Malam Sani." Ta ce wa Judith kanta yana ciwo, ta ɗauki jaka. Na ce bari in tsayar mata da keke napep, ta ce ta gode, ƙafa take so ta taka. Desmond ya tattara ƙwayoyi ba tare da ya ce a ci gaba ba. Judith ta kwashe kofuna, har da nawa da ban shanye ba.

Na koma gida ina cewa zafi ne ya taɓa kowa.

Lahadi na tura wa Hanifa saƙo: "Malama, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi." Alama biyu suka yi shuɗi. Shiru. Litinin na tura: "Balbela, Dogo yana gaisuwa." Aka karanta. Shiru. Talata na ga ta cire hoton da ke kan lambarta, wani furen da ya shekara a wurin, ya koma farin da'ira. Na tura hannu biyu a haɗe. Wannan ko buɗe shi ba a yi ba.

Desmond kuwa ya daina biyowa ta ofishina. Ranar Laraba na same shi a ɗakin gyara, kansa a cikin wata tsohuwar kwamfuta.

Na ce, "Wai laifin me na yi?"

Ya ce, "Oga, ni ban da baki. Kowa da ra'ayinsa. Amma da ka faɗa mata a keɓe, ba a gabanmu ba."

"In faɗa mata me?"

Ya fito da kansa ya dube ni. Sai ya ajiye sukundireba ya ce, "Oga Sani, tsakaninka da Allah. Kana ina a ƙarƙashin tawul ɗin nan?"

Na kalli takalmina.

Ya ce, "Hau babur. Madam ce za ta yi maka bayani, ni in na fara zan zage ka, kuma ka girme ni."

Mun tarar da Judith ta dawo daga makaranta tana tsinke alayyafo a baranda. Desmond ya ce mata, "Maman Gloria, barci ya yi." Ta ce, "Wa?" Ya nuna ni. Ta ajiye tire, ta rufe baki da bayan hannu, ban san dariya take dannewa ko kuka ba.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun daga fadama."

"A'a, tun yaushe kake mana haka?"

"Tun da aka kawo tawul."

Ta ce, "Shekara ɗaya da rabi. Mu muna yaƙi da 'yan kamfani, kai kana hutawa." Ta tura min kujera da ƙafa. "Zauna. Wancan makon Hanifa ta same ni a ofishin malamai. Baffanta na Argungu, Malam Sama'ila, ya kira ta. Akwai wani Alhaji Labbo mai fataucin albasa, matarsa ta rasu, mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ya nemi izini. Baffa ya ce ba zai yi mata dole ba, ita ba yarinya ba ce, amma ya sallami mutum uku a shekara biyu da kalmar a dakata, ya gaji da jin kunyar mutane. In tana da wani, ta kawo suna. In babu, mutanen Labbo za su zo ranar Juma'a bayan la'asar."

"Wace Juma'a?"

"Jibi, Malam. Juma'a nawa gare ka?"

Na ƙirga kwanakin da yatsu.

Ta ce, "Ta ce min ba za ta iya kallon idonka ta faɗa ba. Ni na ce mata ga tawul. Ni na shirya, Allah Ya yafe min. Desmond ya jefa ƙwaya a madadinka don a ga ko mai barci a Ciki zai ji muryar da ke waje. Tara ta fito. Ya ce Dogo yana ji, motsi ne kawai ba zai iya ba. Sai ta fara."

"Me ta ce?"

"Wannan ba za ka ji shi a bakina ba. Nata ne. Abu ɗaya zan faɗa maka. Da Dogo ta fara, amma ba da shi ta ƙare ba. Daga tsakiya sunanka ta kira."

Desmond ya ce, "Ta kusa minti goma tana magana."

Judith ta ce, "Kai kuma ka tashi ka ce a ɗiga maka mai."

Na kira lambar Hanifa a nan take. Ta yi ƙara har ta tsinke. Judith ta ce in bar wahalar da kaina, Hanifa ta ɗauki izini a makaranta, gobe da safe za ta tafi Argungu.

Kun san mutum ba ya zuwa nema wa kansa aure, ko da furfura ta kai masa gira. Sai da manya. Ni kuwa manyana sun ƙare, saura Kawu Hodi a Gulma, kuma ba a isa wurin Kawu Hodi sai ta hannun Yaya Adama. Ranar Alhamis na rubuta takardar neman izini, na sa ta a fayil da hannuna, na hau mota.

Na sami Yaya a tsakar gida tana shanya turararriyar shinkafa a kan tabarmi, ɗaurin ƙirji da tsohon ɗankwali. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Lahiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Yaya, aure nake so."

Ta zauna a kan turmi. "Ɗiyar Malam Ni'imatullahi?"

"A'a. Wata ce a Argungu."

"Ɗiyar wa ta? Ina kag gane ta?"

Na fara bayani. Na kai wurin tebur da ƙwayoyi, ta ɗaga hannu. "Caca kake yi, Mamman?" Na rantse ba caca ba ce, ba a sa ko sisi. Ta ce to in ba a cin komi, mi ake zama yi? Na ce labari ne, kamar tatsuniya, sai dai kowa da bakinsa a ciki. Ta ce, "Manya da ku." Na tsallake birnin ƙarfe, na tsallake Ciki, na faɗa mata ƙarshen kawai.

Kaza ta hau shinkafa, ba ta kore ta ba.

"Kwana kay yi? Mace tana hwaɗa maka abin da ke zuciyatta, kai kana kwana?"

"Ban sani ba ne, Yaya."

"Shekara shida kana ce min ba ka samun kwana. Ashe wuri kaz zaɓa." Ta miƙe tana gyara zane. "Shekara biyu kuma kana bari ina yawo gida-gida ina duba maka zawarawa. Tashi mu tai wurin Kawu kahin ya tai gulbi. Kuma kar ka hwaɗa mishi zancen tatsuniyar ga, ka bar ni da shi."

Ranar Juma'a da hantsi muka isa Argungu, ni da Kawu Hodi da wani amininsa, da ƙullin goro a cikin ganye. Na sa farar shadda da na ɗinka tun bikin 'yata, ta ɗan matse ni a ciki. Kawu ya ce in tsaya waje, ba a shiga da mai nema. Suka yi sallama a zauren Malam Sama'ila, ni na tsaya a gindin darbejiya kamar direban da ya kawo su.

Na ciro waya na rubuta wa Hanifa: "Ina ƙofar gidanku. Ba Dogo ba ne, ni ne. Minti biyar nake roƙo." Aka karanta. Na ga alamar tana rubutu, ta daina, ta sake farawa, ta daina. Can sai ga shi: "Ƙaramin zaure, ta gefen rijiya."

Tana tsaye a bakin ƙofar ciki, da hijabi ruwan toka har ƙasa, ba kwalli. Wata dattijuwa tana zaune a bayanta tana tsince wake, ta yi kamar ba ta gan ni ba.

Ta ce, "Malam Sani, ai ka ba ni amsa. Ba sai ka biyo ni da ita gida ba."

Na ce, "Ban ji tambayar ba."

"Ka ce ka ji. Tsaf, ka ce."

"Ƙarya na yi. Barci nake."

Ta dube ni. Karo na farko a mako guda, cikin ido.

"Barci."

"Barci."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga farko zuwa ƙarshe. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Na ji kunya in ce na yi barci a gabanki, shi ya sa."

Dattijuwar ta daina tsince wake.

Hanifa ta ce, "Kwana shida ina cewa ka ƙi ni a gaban mutane. Har na fara sabawa da shi. Yanzu ka zo ka ce ba ƙi ba ne, ba ka ma nan." Ta ja numfashi. "Ban san wanne ya fi ciwo ba."

"Ki maimaita min, ko rabi."

"A'a. Sau ɗaya nake da ƙarfin faɗinta, kuma na faɗa."

"To ni bari in faɗi tawa."

"Faɗi."

Jama'a, Dogo da zai buɗe baki a nan, da sai tsohuwar nan ta zubar da wake. Ni abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na zo da Kawuna. Suna zaure. Da goro."

Ta jira ko akwai saura. Na laluba, na ƙara da, "Ina so. Tun da daɗewa. Ni dai ban iya ba ne."

Ta ce, "Na lura." Ta juya ta shige, labule ya rufe. Dattijuwar ta ce min, "Sannu, Malam," irin sannun da ake yi wa wanda ya faɗo daga babur.

Na koma gindin darbejiya. Aka fara wucewa masallaci da dardumai a kafaɗa. Na ga an aika ciki, na ga Malam Sama'ila ya tashi ya shiga da kansa, ya daɗe. Gwiwata ta fara ciwo, na rasa wurin zama, na jingina da bishiya ina tunanin Alhaji Labbo, wanda ban taɓa gani ba, amma na tabbata in mace tana masa magana idonsa biyu.

Daga ƙarshe aka ce in shigo. Malam Sama'ila dogon dattijo ne mai farin gemu, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ƙullin goronmu yana gabansa, ba a kwance shi ba.

Ya ce, "Kai ne Muhammadu Sani."

"Ni ne, Baffa."

"Na tambaye ta. Ta ce in aika wa mutanen Alhaji Labbo kar su taso, in ba su haƙuri. Wannan kunya ta huɗu ke nan da za ni ji saboda kai, ban ko san ka ba."

Na sunkuyar da kai. Zuciyata ta fara wani tsalle da bai dace da shekarunta ba.

Sai ya sa hannu ya turo ƙullin goron gaban Kawu Hodi.

"Wanga kuma ta ce ku koma da shi tukuna. Ta ce ita ma ba ta san ka ba. Wai wani ta sani mai hannun ƙarhe, shi ya iya magana, amma ba shi za ta aura ba. In kana so, ka riƙa zuwa nan gidan hira duk Asabar bayan la'asar, kamar kowa, da bakinka. In ta san ka, za ta hwaɗa min. Ta ce wancan wurin da kuke zuwa ran Asabar, ita ta bar shi."

Na ce, "Har zuwa yaushe, Baffa?"

"Na tambaye ta. Ta ce ba abin gaggawa ba ne."

Muka yi godiya muka fito. Kawu Hodi ya rungume goronsa a hammata har muka kusa tasha. Can ya tsaya a tsakiyar hanya, ya kama hannun rigata.

"Mamman, hwaɗa min gaskiya tun muna mu biyu. Shi wanga mai hannun ƙarhen, ɗan wane gida na? Ya hi ka abin hannu?"

Na ce, "Ya fi ni komai, Kawu."

Ya girgiza kai ya ce, "To sai ka dage."